Yadda ake fita yawon daji da yara da kare lokacin ƙanƙara da taɓo, daga wanda ya sha ƙasa a Kalgari

Wani ɗan uwa da ya sauka nan Kalgari da iyalinsa kwanan nan ya tare ni bayan sallar Juma'a yake cewa shi fa yaransa sun ishe shi, tun da sanyi ya shigo ba wanda ya leƙa waje in ba makaranta ba, daga talabijin sai waya, ga shi yana ganin hotunanmu a daji da yara har da kare, wai ta yaya muke yi bamu daskare ba. Na ce masa bari in zauna in rubuta, don ni ma farkon zuwana Kanada haka na yi ta zaman ɗaki kamar mai takaba, da na fara fita kuma na sha ƙasa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Abu na farko da zaka sa a ranka, ba ranar da sanyi ya fi tsanani ce ke kayar da mutum ba. Ranar nan ai kowa ya san ya dunƙule. Matsalar garin nan wata iska ce mai ɗumi da suke kira Shinuk, tana gangarowa daga duwatsun Roki ta yamma, sai kaga gari ya tashi da digiri 15 ƙasa da sifili amma kafin la'asar ya haura sama da sifili, dusar ƙanƙara ta narke ta kwanta a hanya, dare yayi ta sake daskarewa, da safe hanya ta zama kamar an shimfiɗa gilashi, in rana ta ɗaga kuma saman ya koma caɓi ƙasan yana nan da santsinsa. Duk abinda zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake, ƙafarka da kuma lokacin da ka zaɓa.

Kayan da zaka tanada

Takalmi shi ne kan gaba. But mai hana ruwa shiga wanda ya rufe idon sawu, kuma ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Takalmin da ya matse ka ya fi sanyaya ƙafa komai tsadarsa, don jini baya zagayawa.

Sai ƙugiyoyin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai waya nannaɗe kamar sifirin, irin na Yaktrax, yana yi a dusar da aka tattake a fili miƙaƙƙe. Akwai kuma mai sarƙa da haƙoran ƙarfe irin na Kahtoola, ya fi tsada amma shi ne na gangara da ƙanƙara zalla. Ni dai shawarata in kuɗin guda ɗaya gare ka ka sayi mai haƙora ka ba wanda zai riƙe kare ko ya ɗauki yaro. In babu ko ɗaya, ka samo tsohon but mai kaurin ƙasa ka ɗaura masa gajerun sukurori masu kai mai kusurwa shida, kamar goma a kowace ƙafa, ta gefe-gefe da dunduniya, ka tabbatar basu huda ciki ba. In wannan ma bai samu ba, tsohuwar safar ulu a saka ta a kan takalmi tana rage santsi, zaka zama abin kallo amma dai ya fi karaya.

Tufafi hawa uku. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, na tsakiya rigar sanyi mai laushi, na sama jaket mai tare iska. Auduga kam a bar ta a gida, kuma nan ne mu ake samunmu don singileti da shadda da atamfa duk auduga ne, in ka yi gumi ta tsotse ta riƙe, kana tsayawa hutawa sai kaji kamar an manna maka jiƙaƙƙen tsumma a baya. 'Yan uwa mata, doguwar abaya ko zane mai jan ƙasa yana kwasar taɓo ya daskare ya yi nauyi, kuma haƙoran takalmi suna kama bakinsa su kayar da mutum. Uwargidana wandon dusa take sawa da jaket mai kaiwa gwiwa, hijabi ƙarami a ciki hula a sama, suturarta ta cika kuma ba abinda ke jan ƙasa.

Safar hannu ta yara a sayi mai kamar jaka wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya, ta fi mai yatsu ɗumi nesa ba kusa ba, kuma a riƙo ta biyu don wallahi sai sun jiƙa ta farko. Safar ƙafa ma haka. Sanda ɗaya ko biyu mai tsinin ƙarfe, in babu sandar mofa ma ta yi.

Na kare: igiya wadda bata wuce mita 2 ba, ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya, takalman kare ko man shafa wa dagi irin Musher's Secret, in babu basilin ko man kaɗe, ledar kwashe kashi, ruwansa da ɗan kwanonsa, tsohon tawul biyu. Igiyar nan mai naɗe kanta kar ma ka ɗauko ta, zan faɗi dalili.

A jakar baya kuma filas na shayi, dabino da gyaɗa, tocila, fawa banki, filasta da bandeji. Waya a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana shanye batir kamar me. Dabinon ma can zaka sa shi in ba haka ba ya zama tsakuwa.

1. Duba yanayi, amma na kwana uku

Kar ka tsaya a lambar yau kaɗai. Ka duba jiya da shekaranjiya, in an yi ɗumi sannan daren jiya ya sauka ƙasa da sifili to ka san gilashi ne ke jiranka. Sannan ka duba lamba ta biyu da suke sawa, wato yadda sanyin ke ji a jiki in an haɗa da iska. Hukumar yanayi ta Kanada tace in wannan lambar ta kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da take buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ni da yara bana ma kaiwa nan, in ta wuce 20 sai dai mu zaga unguwa mu dawo.

2. Zaɓi wuri da lokaci

Sabon shiga ya fara da gandun shaƙatawa na Fish Creek da ke kudancin gari. Kwari ne, akwai itatuwa suna tare iska, hanyoyi da yawa a miƙe suke, ka shiga ta Bow Valley Ranch ko Shannon Terrace. Sai dai can kare baya sauka daga igiya ko kaɗan, doka ce. Nose Hill da ke arewa maso yamma kuma tudu ne, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 11, akwai ɓangarorin da aka yarda a saki kare, kuma ranar da gari ya washe kana hango duwatsu fari tas, amma samansa fili ne fetal ba abinda ke kare ka daga iska, kuma sai ka hau kafin ka kai, wanda ya hau kuwa dole ya sauko. Akwai wuraren da ba a shiga da kare sam, kamar gandun tsuntsaye na Inglewood, saboda haka ka karanta allon bakin ƙofa. Ko a inda ake sakin kare, in kun hau hanya mai kwalta sai an mayar masa da igiya.

Lokaci kuma, a Disamba rana tana faɗuwa wajen 4:30 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk a jere suke zuwa kamar ana korarsu. Mu mukan fita wajen 10 na safe mu dawo kafin azahar ta fita. In kana da ƙugiyoyi safiya ta fi, ƙasa a daskare take ba taɓo, haƙora suna kamawa sosai. In baka da su ka jira rana ta ɗan sassauta saman, ka haƙura da caɓi. Fitar farko kar ta wuce minti 40 gaba ɗaya. Ka faɗa wa wani inda kuka nufa.

3. Shiri a gida

Kowa ya shiga banɗaki kafin a sa kaya, duk mai yara ya san abinda nake nufi, ka gama ɗaure yaro tsaf kamar ƙunshin goro sannan yace fitsari. A yi alwala tun a gida. A shafa mai a fuska da leɓe, iskar nan a bushe take, hunturun Kano wasa ne a kanta.

Karen namu, Duna, baƙi ne mai yawan gashi, kuma eh na san tambayar da ke bakinku don 'yan gida ma sun yi ta, wurinsa daban yake a gidan kwanonsa daban, mu bar wannan zuwa wata rana. Kafin a fita ina ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya in rage gashin da ke tsakanin yatsun da almakashi ya yi daidai da tafin, in shafa mai. Dalili shi ne dusa tana maƙalewa a gashin nan ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri, kamar kai a sa maka tsakuwa a takalmi. In takalman kare zaka sa masa ka fara koya masa a gida kwana biyu uku, don ranar farko tafiya zai yi kamar wanda ya taka garwashi, kuma ka sa a ranka ɗaya sai ya ɓata a daji.

Ƙaramin yaro kar a ɗaure shi a kujerar mota da jibgegiyar jaket, bel ɗin baya kama jikinsa yadda ya kamata. A ɗaure shi da rigar ciki a lulluɓa masa bargo, in an isa a sa masa.

4. Wurin ajiye mota

Nan na fara shan ƙasa, ko dajin ban shiga ba. Tayoyi sun murje dusar ta zama sulɓi, na fito da filas a hannu ɗaya igiyar Duna a ɗaya, ya hango wani kare ya fizga, sai gani na nayi ina kallon sama, murfin filas ya yi gabas ni na yi yamma, yara suna ta dariya, sati biyu ina sallah a zaune. Tun daga ranar ƙa'idata ita ce ina zaune a kujerar mota ƙofa a buɗe nake ɗaura ƙugiyoyi, sannan in sauke yara, kare shi ne na ƙarshen fitowa.

Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. In kana jin ɗumi tun a bakin mota to kayan sun yi yawa, minti goma zaka jiƙe da gumi. Da ka fara jin zafi ka zuge zif ko ka cire hula, kar ka jira gumin ya zo.

5. Tafiya a kan ƙanƙara

Gajerun taku, tafin ƙafa gaba ɗaya ya sauka lokaci guda, ba dunduniya ta fara ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki ya ɗan rinjaya gaba, irin tafiyar agwagwa. Hannu kar ya shiga aljihu. In akwai dusa mai gari-gari ko ciyawa a gefen santsin cikin hanyar, nan zaka taka. Wanda ya fi mugunta shi ne ƙanƙarar da sabuwar dusa ta yi wa mayafi, kana ganin fari tas ka ɗauka lafiya, shi ya sa sanda take gaba tana caka maka.

Gangara ita ce wurin da ya kamata a nutsu. A sauka a karkace, gefe-gefe, mutum ɗaya bayan ɗaya da tazara, don in na sama ya zame kar ya kwashe na ƙasa. Yara in gangarar gajera ce kuma ba itace ko dutse ko ruwa a ƙarshenta, su zauna su sulale da mazaunai, sun ma fi so. Kar ka riƙe hannun yaro kana tsaye a kan santsi kai ba ƙugiya, ku biyu zaku tafi kuma kai zaka faɗo a kansa.

Igiyar kare babba ne zai riƙe, mai ƙugiya a ƙafa, komai kukan da yaro zai yi. Kar a naɗe ta a wuyan hannu, a riƙe ta yadda in abu ya ɓaci za a iya saki. Mai naɗe kanta da nace a bari, matsalarta kare yana samun mita huɗu biyar na gudu kafin ta tsaya, duk ƙarfin nan kuma a kafaɗarka zai sauka kana kan gilashi, banda siririn zaren da ke harɗe ƙafar yara. A gangara ka koya wa kare ya bi bayanka ko gefenka, in yana gaba janka zai yi.

Sai maganar goyo. Iyayenmu mata sun saba, zane da majanyi an wuce wurin, kuma goyo yana da ɗumi ba musu. Amma faɗuwar ƙanƙara yawanci ta baya ce, ƙafa ta tafi gaba mutum ya faɗi rigingine, to wa ke bayan? Ranar santsi ko dai a bar jariri a gida, ko a ja shi a abin jan yara na roba a hanya miƙaƙƙiya, ko mai goyon ta zama ita ce mai ƙugiyoyi masu haƙora da sanda biyu kuma ba ita ke riƙe da kare ba. Sannan a tuna ke kina tafiya jininki na gudu, shi yana zaune ne kawai, ƙafafunsa da ke reto su ne ke fara sanyi, a dinga taɓawa. Keken tura jarirai mai ƙananan tayoyi kam kar ma a wahalar da kai.

6. In an iso taɓo

Abinda zuciya ke ce maka shi ne ka kauce ta gefe ka bi ciyawa. Kar ka yi. Kowa in ya kauce haka hanyar ke ta faɗi ciyawar gefe ta mutu, kuma ta Nose Hill ciyawar asali ce ta wannan yanki da ta rage, ana lallaɓa ta. Ai don wannan ka sayi but, ka bi ta tsakiya. Ka fara caka sanda, sau da yawa taɓon yatsa biyu ne kawai ƙarƙashinsa ƙanƙara ce. Laka tana cika tsakanin haƙoran ƙugiya ta zama dunƙule har su daina kamawa, in kun fita sai ka buga ƙafa a dutse ko ka sakace da tsinke. In hanyar gaba ɗaya ta zama kunu, takalmin yaro yana maƙalewa yana fitowa da safa, ku juya ku koma mai kwalta ko mai tsakuwa.

Kar ka bar kare ya sha ruwan da ya taru a gefen titi ko wurin ajiye mota. Akwai gishirin da ake watsawa, akwai kuma ruwan lagireto na hana daskarewa da ke ɗiga daga motoci, yana da zaƙi a bakinsu kuma kaɗan ma yana lalata ƙoda. In ka ga ya lasa, likitan dabbobi kai tsaye. Inabi da zabibi da cakulan ma guba ne gare shi, a gaya wa yara kar su ba shi.

7. Kogi da tafki

Ba a hawa. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tace sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 kafin mutum ɗaya ya taka, 20 in jama'a ne, kuma mai launin toka alamar ruwa ce a ciki. To kai da me zaka auna? Kogin Bow da rafin Fish Creek ruwa ne mai gudu, yana cin ƙanƙarar ta ƙasa, tafkunan unguwa na ruwan sama su ma haka. Da kun doshi ruwa kare ya koma igiya tun daga nesa, don agwagwa ɗaya ta isa ta ja shi tsakiya. In ƙaddara ta sa ya burma, kar ka bi shi, ka kira lambar agajin gaggawa ta 911 ka tsaya a gaɓa kana kiran sunansa. Mutane sun mutu a garin ceton kare.

8. Dinga duba su

Duk bayan minti 15 haka nakan tsaya in kalli kowa. Yaro baya cewa sanyi nake ji, sai dai kaga mai surutu ya yi shiru ko ya fara rigima ba dalili. Takardun gargaɗi kan sanyi suna cewa a duba in fata ta yi ja, to mu fatarmu ba ja take yi ba, sai dai kaga kunne ko kan hanci ko kumatu ya yi fari-fari ko toka-toka kamar an shafa habɗi, in ka taɓa yace baya ji. Kar a murza, kar a goga dusa, kar a kara a hitar mota. Ka ɗora tafin hannunka mai ɗumi a wurin, yatsu kuma a cusa su a hammata, a juya gida. In wurin ya yi tauri ko ya tashi bororo, asibiti.

Kare kuma in ya fara ɗaga ƙafa ɗaya, ko ya zauna yana cizon dagi, ƙwallon ƙanƙara ne ko gishiri. Ka cire safar hannu ka riƙe ƙafar a tafinka har ya narke, kar ka fizge da gashin. In yana rawar jiki ya maƙale wutsiya, ya gama, ku tafi. Ƙaramin kare ko mai gajeren gashi a sa masa riga. A ba shi ruwa ko bai nema ba, cin dusa ba shan ruwa bane. Kashinsa kuma a kwashe, kar a tura shi ƙarƙashin dusa a ce ba wanda ya gani, in bazara ta zo duk yana fitowa, kuma akwai tara.

9. Namun daji

Akwai barewa, akwai beguwa, akwai koyoti, wani karen daji mai kama da dila amma ya fi ta girma. Daga Janairu zuwa Maris lokacin barbararsu ne, sun fi tsaurin ido. In kun haɗu ka janyo kare kusa, ƙaramin yaro a ɗauke shi, ka ɗaga hannu ka daka tsawa kuna ja da baya a hankali, ba gudu. In ya cika naci ka sanar da hukumar gari ta 311. Beguwa ita ba ruwanta da kowa sai karen da ya kai hanci, in ya kwaso ƙayoyin kar ka ce zaka cire da filaya a gida, suna da ƙugiya a baki, aikin likita ne.

10. Juyawa da komawa gida

Ka juya tun kowa yana jin daɗi, don dawowa ta fi tsawo, yara sun gaji kuma sau da yawa iskar da ke bayanku ɗazu yanzu a fuska take. Shayin ma a wurin juyawa muke sha, a tsaye, minti biyar, kar jiki ya huce.

A bakin mota a cire ƙugiyoyi kafin a shiga, kar ka tuƙa da su, kar kuma ka taka tayil ko siminti mai sulɓi da su, can sun fi ƙanƙarar santsi. Tawul ɗaya a shimfiɗa, ɗaya a goge cikin kare da ƙafafunsa. Yara a canza musu safa nan take, takalman taɓo a zuba a babbar leda. In an isa gida a wanke dagin kare da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, a duba ko ƙanƙara ta yanke shi, a busar a ƙara mai. Ƙugiyoyin a ɗauraye a shanya in ba haka ba tsatsa zata ci su kafin wata Asabar. But kuma a zare shimfiɗar cikinsa a cusa masa tsohuwar jarida, a ajiye nesa da hita, na taɓa ɗora na babbar 'yata a kan hita don ya yi saurin bushewa, da safe na tarar gam ɗin ya saki ƙasan ya buɗe baki kamar kada.